Wankin ƙoda a gida: A tsaya a yi tambaya kafin a yi karo-karon sayen inji

A makonnin baya muna cikin gabatar da shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo nan Tamale, sai wani bawan Allah ya bugo waya daga Tatale, can bakin iyakar Togo. Ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ce yayansa ya fi shekara guda yana fama da ciwon ƙoda, kuma zirga-zirgar zuwa Tamale ta Zabzugu da Yendi domin wanki ta cinye masu jari, ta kuma cinye ɗan ƙarfin da ya rage wa majinyacin. Ya ce wani abokin cinikinsa da ke zuwa Dubai saro kaya ya nuna masa hoton injin wankin ƙoda a waya, na hannu ne amma da sauran kyansa, ya kuma tabbatar masa cewa a ƙasashen Turawa mutum a ɗakinsa yake wankinsa yana kallon talabijin. Saboda haka 'yan'uwa sun zauna sun yanke shawarar yin karo-karo su sayo injin su ajiye a gida, su nemi wani nas ya riƙa zuwa yana ɗora majinyacin a kai. Tambayarsa guda ce: "Malam, mu saya ko kada mu saya?"

A ranar ba mu ba shi amsa ba, domin mu ba likitoci ba ne, kuma maganar rai ba a yi mata gaggawa. Mun dai yi masa alƙawarin za mu bi diddigi. To yau ga amsarmu, gare shi da duk wani ɗan kasuwa a Paga ko Bawku ko Hamile ko Chereponi da irin wannan tunani ya taɓa zo masa: kada ku saya. Abokin nasa bai yi ƙarya ba, lallai akwai ƙasashen da ake wankin ƙoda a gida, kuma da yawa daga masu yi sun fi na asibiti samun sauƙi. Abin da bai gaya masa ba shi ne, a duk inda abin ya yi nasara, injin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin maganar. Akwai asibitin da ya koyar, da mai biyan kuɗin kaya, da mai gwada ruwa, da mai ɗaukar waya da tsakar dare. Kuma yadda kowace ƙasa ta tsara waɗannan abubuwa ya bambanta ƙwarai. A cikin wannan bambanci ne muke ganin akwai darasin da ya dace da mu.

Bari mu fara da abin da wankin yake. Ƙoda biyu Allah Ya ba ɗan Adam, aikinsu tace jini dare da rana, su fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Idan suka gaza gaba ɗaya, dattin ya taru, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, wasu gishirai su hauhawa a jini har su iya tsayar da zuciya. Injin wanki yana jawo jinin ta allura, ya bi da shi ta cikin wani mataci inda ruwan magani ke zagayawa yana kwashe dattin, sannan ya mayar da shi jiki ta wata allurar. A asibiti ƙa'idar ita ce sa'o'i 4, sau 3 a mako, kuma ga wanda ƙodarsa ta mutu murus haka za a yi ta yi har ƙarshen rayuwa, sai fa idan an yi masa dashen wata.

A nan Gana an fara wankin ƙoda tun 1972 a asibitin Korle Bu da ke Ankara. Amma bayan shekaru 50, wani bincike da Dokta Elliot Koranteng Tannor na asibitin Komfo Anokye a Kumasi da abokan aikinsa suka wallafa a 2023 ya gano cibiyoyi 40 ne ke aiki a duk faɗin ƙasar, da injuna 299 da majinyata 1,195, kuma 26 daga cikin cibiyoyin nan duk a yankin Ankara suke. Mu a arewa mun daɗe Asibitin Koyarwa na Tamale ne madogararmu, kafin Bolgatanga da Wa su samu nasu ɗakunan wanki a 'yan shekarun nan. Mai karatu zai tuna hayaniyar da aka yi a 2023, lokacin da aka rufe sashen wanki na Korle Bu ga masu zuwa daga gida har na tsawon watanni saboda bashi, aka kuma yi yunƙurin ɗaga kuɗin wanki ɗaya daga sidi 380 zuwa sidi 765. A 2024 farashin ya tsaya a sidi 491. Duk ɗan kasuwa ya iya lissafi: sau 3 a mako sidi 1,473 ke nan, ban da kuɗin mota da magani da abinci da kwana.

A watan Yunin 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta soma ɗaukar nauyin wanki 8 a wata ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 da dattawa 'yan sama da 60, da wanki 2 a wata ga sauran majinyata a wasu asibitoci da suka haɗa da na Tamale. A ranar 1 ga Disamba 2024 aka faɗaɗa shirin wanki kyauta zuwa ga duk mai katin inshora a asibitocin da aka amince da su, sannan a 2025 majalisa ta zartar da dokar asusun nan da ake kira MahamaCares domin cututtuka masu tsadar magani. Maƙwabtanmu ma sun motsa: a 2024 Burkina Faso ta soke ajiyar sefa 500,000 da ake karɓa kafin a fara yi wa mutum wanki na dindindin, a 2025 kuma Nijeriya ta rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin gwamnatin tarayya. Duk wannan abin a yaba ne. Sai dai a lura da abu guda: kuɗin asibiti ake biya, ba ɗakin mutum ba. Wanda ya kai inji gida ya fitar da kansa daga wannan inuwa, komai ya koma wuyansa. Sannan babu ɗaya daga cikin tsare-tsaren nan da ya rage tsawon hanyar Tatale zuwa Tamale ko da taku ɗaya. Nisan nan shi ne ya sa mutuminmu tunanin inji, kuma yana da gaskiya da ya damu.

To yaya ake yi a ƙasashen da ake wanki a gida? Abin ya samo asali ne a 1964 a biranen Seattle da Boston na Amurka da kuma Landan. Abin mamaki, ƙarancin kujera ne ya haife shi, irin wanda muke fama da shi yau. A Seattle, inda Dokta Belding Scribner ya buɗe hanyar wanki na dindindin a 1960, har kwamiti aka kafa mai zaɓen wanda za a ɗora a inji da wanda za a bari. Da kwamitin ya kasa karɓar wata yarinya 'yar makaranta saboda ƙarancin shekarunta, sai injiniyoyin jami'a suka ƙera mata ƙaramin inji aka kai gidansu, aka koya wa mahaifiyarta sarrafa shi. A farkon shekarun 1970 kusan kashi 40 cikin 100 na masu wanki a Amurka a gida suke yi. Amma da gwamnati ta ɗauki nauyin biyan kuɗin wanki daga 1973, cibiyoyi suka bazu ko'ina, sai na gida ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a farkon shekarun 2000. Injunan ba su lalace ba, hanyar da kuɗi ke bi ce ta canza. Wannan shi ne darasi na farko: inda aka zuba kuɗi, nan wanki ke zama.

A Amurka ta yau, inda masu wankin jini a gida ba su wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba, yawancinsu suna amfani da ƙaramin inji irin NxStage da aka amince da shi a 2005. Ba ya shan ruwa da yawa, lita 20 zuwa 30 kan isa, amma sai a yi wanki kwana 5 ko 6 a mako, na wajen sa'o'i 3. Ana koya wa majinyaci da mai taimaka masa na tsawon makonni, kamfani kuma ya riƙa kawo kwalayen kaya har ƙofar gida. Shekaru da yawa doka ba ta yarda mutum ya yi shi kaɗai ba, sai a 2017 aka amince, shi ma da rana kawai yana farke.

A Toronto ta Kanada wata hanya suka bi. Daga 1994 likitoci irin su Robert Uldall da Andreas Pierratos suka fara ɗora majinyata a inji da dare suna barci, wajen sa'o'i 8, dare 5 ko 6 a mako. Wanki a hankali na dogon lokaci ya fi kama da aikin ƙoda na asali, jini ba ya faɗuwa, ana rage maganin hawan jini, mutum ya tashi da safe ya tafi neman abincinsa. A farkon shirin har ma'aikaci aka ajiye yana kwana yana duban injunan daga nesa ta layin waya, idan ƙararrawa ta kaɗa majinyaci bai farka ba ya buga masa. A Ingila kuwa hukumar lafiya ce ke gyara ɗakin, ta ja famfo da wuta, ta kawo inji, sannan ta mayar wa majinyaci kuɗin ruwa da lantarkin da injin ya sha.

Ƙasar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Niyu Zilan, inda a shekarun 2010 wajen mutum 1 cikin 6 na masu wanki ke wankin jini a gida. Can horo kan ɗauki watanni, ba a sallamar mutum sai ya iya soka wa kansa allura, ya iya haɗa inji, ya san abin yi idan wani abu ya ɓaci. Sai dai sun ci karo da matsala irin tamu: talakawa da yawa a birnin Auckland gidan haya suke, ko kuma gidan ya cika da iyali babu ɗakin da za a keɓe. Saboda haka tun 2004 ƙungiyar majinyatan ƙoda ta can ta tanadi gidaje a cikin unguwa, asibiti ya zuba injuna da kaya, waɗanda aka riga aka horar su riƙa zuwa suna wankinsu a lokacin da ya dace da su, ba tare da nas a wurin ba. Ƙungiya ke riƙe da gida, asibiti ke riƙe da magani.

Misalin da ya fi taɓa mana zuciya daga Ostireliya ya fito. Mutanen Pintupi, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a hamada, sun ga dattawansu masu ciwon ƙoda ana kwashe su zuwa Alice Springs, tafiyar fiye da kilomita 500, suna ƙarewa can cikin kewar gida. A shekarar 2000 masu zanensu suka yi manyan zane-zane aka yi gwanjonsu a Sidni, aka tara fiye da dalar Ostireliya miliyan 1. Ba su raba injuna gida-gida ba. Ƙungiya suka kafa, wadda yau ake kira Purple House, suka buɗe ɗakin wanki a ƙauyensu na Kintore a 2004, suka ɗauki nas-nas, suka ɗaure kansu da likitocin ƙoda na birni. Daga baya suka samu babbar mota mai kujerun wanki 2 tana zagaya ƙauyuka. Sai a 2018 gwamnatin ƙasar ta fara biyan kuɗin kowane wanki da aka yi a irin waɗannan wurare masu nisa. Jama'a suka fara, gwamnati ta biyo baya.

Mai karatu ya ga yadda hanyoyin suka sha bamban: wani da rana, wani da dare, wani kwana 3, wani kwana 6, wani shi kaɗai, wani da matarsa, wani da nas, wani a ɗakin kwanansa, wani a gidan unguwa. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da majinyaci ya je kasuwa ya sayo inji da kansa. A kowanne, akwai asibitin da ya ɗauki alhakin ransa. Yanzu bari mu dawo gida mu auna abin da ma'aunin Tamale da Tatale.

Na farko ruwa. Injin wanki irin na asibiti yana zagaya ruwan magani rabin lita a kowane minti, wato lita 120 a zama ɗaya. Kafin a samu wannan, sai an bi da ruwan ta injin tacewa na musamman wanda ke zubar da rabi ko fiye, saboda haka wanki ɗaya kan ci lita 300 zuwa 500. Idan muka ɗauki 400, galan ɗin Kufuor mai lita 25 guda 16 ke nan, sau 3 a mako, rani da damina. Duk mazaunin Tamale ya san ruwan da ake turo mana daga Dalun rabawa ake yi unguwa-unguwa, kuma ya san kuɗin tanka a watan Maris. Sannan ba yawan kaɗai ba ne. Mai lafiya abin da yake sha a mako bai wuce lita 14 zuwa 20 ba, kuma hanji da hanta suna tace masa. Mai wanki kuwa lita 360 ke gogayya da jininsa a mako, wata 'yar fata siririya ce kawai a tsakani. Sinadarin kilorin da ake zuba wa ruwan famfo domin ya shawu, idan ya tsallaka cikin jini farfasa ƙwayoyinsa yake yi. Ruwan rijiyar burtsatse ma yana da nasa, kowa ya san yadda ruwan yankin Bongo ke ɓata haƙoran yara. A 1996 a garin Caruaru na Barazil, ruwan tafki da tanka ta kawo wata cibiyar wanki ba a tace shi da kyau ba ya hallaka fiye da majinyata 50. A cibiya ke nan, mai likitoci. Wa zai riƙa gwada ruwan gidanmu?

Na biyu wuta. Mun ga dumsor na 2012 zuwa 2016, kuma har yau iska ɗaya ta farkon damina ta isa ta jefa gari cikin duhu. Idan wuta ta ɗauke jini yana waje, 'yan mintoci ne kawai ake da su a mayar da shi jiki kafin ya daskare. Ke nan sai an tanadi janareta ko sola mai ƙarfi, da na'urar daidaita wuta, da wanda ya iya juya famfon injin da hannu cikin duhu ba tare da ya tura iska cikin jijiya ba.

Na uku kayan aiki. Kowane zama yana bukatar sabon mataci, sababbin robobin jini, allurai, ruwan magani, ruwan gishiri da maganin hana jini daskarewa. Kusan duka daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma robobin wani inji ba lallai su shiga wani ba. Mu 'yan kasuwa mun san labarin wanda ya sayo mota mai arha wadda babu kayan gyaranta a ƙasa. Bambancin shi ne, mota idan ta tsaya sai a hau ta haya, shi kuwa mai ciwon ƙoda idan kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema na mako biyu, ba ya jira. Likitoci a Amurka sun nuna a 2011 cewa ko hutun kwana 2 da ake yi a ƙarshen mako yana ƙara yawan mace-mace a ranar da ta biyo baya. Haka kuma injin hannu ba mu san jinin wa ya bi ta kansa ba, alhali ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a arewacin Gana, shi ya sa asibitoci ke keɓe wa masu shi injinsu daban.

Na huɗu kuma mafi girma, mutum. Injin yana jan jini wajen lita 1 a duk minti 3. Idan allurar mayarwa ta zame majinyaci yana gyangyaɗi, cikin minti 5 ya zubar da lita ɗaya da rabi daga cikin lita 5 da ke jikinsa. Idan jini ya faɗi, ko zazzaɓi ya taso daga robar da aka sa a wuya, dole a samu wanda ya san abin yi nan take. Nas ɗin wanki horo na musamman yake yi, ba kowane mai farar riga ba ne. Kuma ko shi ba ya aiki sai da likitan ƙoda da zai duba gwajin jini duk wata ya ce a cire ruwa kaza, a ƙara magani kaza. Nas ɗin da za a ɗauko ya zo bayan ya tashi aiki, ranar da aka yi masa canjin wuri ko ya tafi jana'iza, wa zai maye gurbinsa?

Wani zai ce ai muna kashe wa mutane gwiwa ne, mai kuɗi zai iya tanadar duk wannan. Gaskiya ne, attajirin da ya samu likitan ƙoda ya amince ya ɗauki nauyinsa a rubuce, ya gina ɗaki, ya ajiye nas biyu da makaniki, zai iya. Amma mutum nawa ne haka a zangunanmu? Kuma kuɗin da zai kashe a kan rai ɗaya, da an zuba shi a wuri ɗaya na jama'a, inji guda yana iya ɗaukar mutum 2 ko 3 a yini. Wani kuma zai ce mu bar wa gwamnati, haƙƙinta ne. Haƙƙinta ne ko shakka babu, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Sai dai mai jiran gawon shanu ba ya cin nama da wuri, kuma mun ga mutanen hamadar Ostireliya da ba su kai mu jari ba sun fara da kansu.

Ga abin da muke gani ya dace. Ga iyalan majinyata, kuɗin injin nan a juya shi zuwa abin da zai yi amfani yau: a sabunta katin inshora kada ya mutu; a roƙi likita a yi wa majinyaci aikin haɗa jijiya a hannu da wuri, domin yana ɗaukar makonni 6 ko fiye kafin ya nuna, kuma ya fi robar wuya aminci nesa ba kusa ba; a tanadi allurar ƙarin jini; a kama ɗaki kusa da asibiti idan hanya ta fi ƙarfin jiki.

Ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, masu albasa da masu shanu da masu goro da direbobi, abu mafi sauƙi da za a iya farawa gobe shi ne masauki a Tamale. Tun zamanin fataucin goro a Salaga, iyayenmu sun san mai gida, wanda ke sauke baƙo ya ba shi ɗaki da ruwa har ya gama cinikinsa. Gida ɗaya mai ɗaki 6 kusa da asibiti zai hana majinyata da yawa tsallake wanki saboda kuɗin mota. Mataki na biyu shi ne ƙaramin ɗakin wanki mai kujera 2 zuwa 4 a cikin asibitin gunduma mafi kusa da iyaka, irin su Yendi ko Bawku. Amma kada a fara da sayen inji a ɗauki hoto. A fara da zama da likitocin ƙoda na Tamale da hukumar lafiya, a yi yarjejeniya a rubuce: wa zai duba majinyata, wa zai gwada ruwa, wane irin inji ne ke da makanikai da kaya a cikin Gana, kuma shin inshora za ta amince da wurin ta biya. A ɗauki nauyin horar da 'ya'yanmu nas-nas 2 ko 3 bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. A gina tankin ruwa, a kafa sola. Sannan a tsayar da waƙafi, ko da shaguna 4 ne a kasuwa, hayarsu ta riƙa tafiya gyara, domin injin kyauta da babu kuɗin gyaransa ƙarshensa ɗakin ajiya. Mu da muke zuba susu duk ranar kasuwa, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Ga hukumomi, roƙonmu shi ne kuɗin inshora ya bi majinyaci zuwa irin waɗannan ƙananan wurare, a kuma sauƙaƙa haraji da jinkirin fito da kayan wanki. A kuma duba ɗaya hanyar wankin gida, wato wankin ciki, wanda ba ya bukatar allura ko injin jini: ana sa roba a ciki, majinyaci ya zuba ruwan magani daga jaka ya zubar wajen sau 4 a yini. Hong Kong ta mai da shi zaɓin farko tun 1985, Sudan ma ta kafa shirinsa na ƙasa a 2005. Yana da nasa haɗari, musamman ciwon ciki idan tsafta ta yi rauni, kuma jakunkunan ruwan suna da nauyin dako, amma ga mutumin Tatale ya fi kusa da yiwuwa a kan injin Dubai.

A ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Manyan masu kashe ƙoda a wurinmu su ne hawan jini da ciwon suga, kuma ba sa sallama kafin su shigo. Wani babban bincike da aka yi a Gana da Nijeriya aka wallafa a 2024 ya nuna mutanen Afirka ta Yamma da yawa suna ɗauke da wani gado a jini da ke ƙara masu haɗarin ciwon ƙoda. A kan wannan muke ɗora ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da muke haɗiya kullum domin mu jure zaman mota da dako, da haɗe-haɗen kwalabe da ake tallarsu a tasha ba wanda ya san abin da ke ciki. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin wanki biyu ba. Me zai hana kowace ƙungiya ta ajiye ɗaya a ofishinta, a gayyato ma'aikacin lafiya ranar kasuwa ya auna jama'a, wanda aka ga nasa ya hau a tura shi a gwada fitsari da jini? Wanda aka ba maganin hawan jini kuma ya riƙe shi, kada ya ajiye don ya ji sauƙi.

Ga ɗan'uwanmu na Tatale, muna cewa: niyyarku mai kyau ce, zumunci ne ya kawo ta, Allah Ya saka. Ku riƙe kuɗin, ku zo Tamale ku zauna da likitan da ke duba Yaya, ku gaya masa wahalar hanya, ku ji shawararsa. Sannan idan kun koma, ku kai maganar gaban shugabannin kasuwa, domin ba gidanku kaɗai ne ke cikin wannan hali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, mu kuma Ya tsare mana lafiyarmu. Amin.